Soket uku a ɗakin Alhaji Rasaki

Cikin shekarun da na yi ina aikin wayarin, ranar da ba na mantawa ita ce wata Talata a Fagge, lokacin na haura shekara ashirin a sana'ar.

Wata dattijuwa mai shago a kasuwar Singa, Alhaja Sidikatu, ita ta aika a kira ni. Mijinta, Alhaji Rasaki, ya samu shanyewar ɓarin jiki, an dawo da shi daga asibiti. Soket ɗaya ne a ɗakinsa, can bayan ƙofa, daga nan aka jawo doguwar waya ta tsakar ɗaki aka jona fanka da rediyo da butar dafa ruwa. Bakin soket ɗin har ya yi baƙi. Alhaja tana son a ƙara uku kusa da gado.

Ga wanda bai san aikin ba, ƙa'idar ita ce ka fara gano inda wutar ɗakin ta fito, ka duba ko wayar za ta ɗauki ƙarin kaya, ka kashe babban makunni, sannan ka gwada da tasta, abin da ke nuna ko waya tana da wuta, kafin ka taɓa komai. Da na zo babu wuta a unguwar. Na kashe makunnin da ke zaure, na cire fis na sa a aljihu, na gwada, tasta ba ta kama ba.

Alhaja tana tsaye a bakin ƙofa ta ce, "Malam Bukar, ɗakin nan fa wutarsa daban ce. Ko tamu ta lalace, shi yana kawowa."

Na ce kada ta damu, na kashe wutar gidan gaba ɗaya. A raina na ɗauka maganar wadda ba ta san aiki ba ce.

Na kwance tsohon soket, na feƙe wayoyi, ina riƙe da su da hannu. Sai Alhaji ya yi ishara yana son a gyara masa matashi. Na saki wayar na je na ɗaga shi. Ina sunkuye a kansa na ji yara a waje suna ihun an kawo wuta, sai fankar sama ta fara juyawa. Na ɗora tasta a kan wayar da na saki, ta kama ja.

Na zauna a ƙasa. Alhaja ba ta ce ai ta faɗa mini ba, ruwa kawai ta miƙo mini. Daga baya ta bayyana mini cewa da aka raba gidan gado, ɗakin ya faɗo a rabonsu, amma wayarsa tana nan a mitar ƙanin mijinta.

Washegari na yanke waccan wayar daga tushe, na jawo sabuwa mai kauri cikin bututu daga ɓangaren su Alhaja, da wayar ƙasa ta kariya da bireka tata mai katse wuta, na kafa soket ukun daidai inda hannun Alhaji mai lafiya zai kai.

Abu biyu nake gaya wa masu tasowa. Tasta ba ta da shaida idan an ɗauke wuta. Sannan wanda yake kwana a ɗaki ya san halin wutarsa fiye da kai da ka shigo yau. Kafin ka buɗe jakar kayan aiki, ka tambaye shi, ka kuma tsaya ka ji amsar.