Mala Grema da ƙanensa mai kwalekwale

Mala Grema zai iya tsayawa tsakiyar kasuwar Difa ya yi bayanin kwaroron roba da Barbarci, ya maimaita da Hausa, ko gezau. Shekara tara yana wannan aiki ƙarƙashin wani proje, wato shiri na kiwon lafiya. An zage shi, an ce yana lalata matasa, wani tsoho ma ya taɓa jifansa da takalmi. Duk bai dame shi ba. Ni maƙwabcinsa ne, kuma ban taɓa ganin mai baki irinsa ba.

Amma a gaban ƙanensa Khalilu, bakin nan mutuwa yake yi. Khalilu saurayi ne mai tuƙa kwalekwale a kogin Komadugu, wajen Geskeru, yana da budurwa a kowace gaɓa. Mala na tsoron ya kwaso cuta. To, ka zaunar da shi mana! Ina! Wai da kunya wa ya yi wa ƙanensa irin wannan zance. Sai ya riƙa ajiye kwalin kwaroron a zaure, ya kau da kai. Duk mako kwalin ya ƙare. Mala ya zo mini yana washe baki, wai yaron nan akwai hankali.

Ranar da muka je Geskeru duba gonar tattasai muka ga hankalin. Khalilu na miƙa wa kowane fasinja kwaroro guda, ya zura wayar salularsa ciki, ya ƙulle bakin don kada ruwa ya taɓa ta. Har wata tsohuwa na sa masa albarka.

Na ce, "Mala, yau dai ka yi magana."

Ya ce sai an koma gida. Da aka koma, ya ce bari a gama tsinkar tattasai. Wallahi ji na yi kamar in shaƙe shi.

Da aka sa ranar auren Khalilu, iyayen yarinyar suka nemi gwajin jini. Ni da Mala muka raka shi likita. Takarda ta nuna yana da sida, wato ƙanjamau.

A bakin ƙofa Mala ya fashe da faɗa. "Kai wane irin mutum ne? Ba ka ji abin da nake gaya wa jama'a kullum?"

Khalilu ya ninke takardar.

"Ina ji, Yaya," ya ce. "Na ɗauka in da abin ya shafe ni, da ni za ka fara gaya wa."