Takalman da Inna Hannatu ta ƙulle

Shekara goma ke nan cif da rasuwar maƙwabciyata a garin Gaithersburg na Amurka, tsohuwar da muke kira Inna Hannatu. Sunanta na ainihi Hana, Bayahudiya ce daga gabashin Turai, ni ce na ƙara mata sauran don ya zauna daidai a bakina. Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar jika ba. Abin da ta bari suna ne guda ɗaya, na ƙaninta, ta kuma roƙe ni kada in bari ya ɓace. Wannan alkawarin ne ya sa na zauna rubutu yau, don ni ma na fara mantuwa, kuma abin yana tsorata ni.

Haɗuwarmu ba ta yi daɗi ba. Ranar sunan 'yata Bilkisu ne, mata sun taho daga Lanham da Germantown har falon ya kasa ɗaukar mu. Kowa ya san halinmu, ba ma shiga ɗakin mutane da takalmi ko da a saman bene na nawa ne a Amurka. Takalma suka taru a barandar da muke rabawa da maƙwabta, na manya da na yara, wani kan wani. A wurinmu wannan abin alfahari ne, alamar gidan yana da jama'a.

Da la'asar Hajiya Ladi, yayar mijina, ta buɗe ƙofa za ta raka baƙuwa, sai muka ji ta saki salati. Tsohuwar Baturiyar da ke ƙofar da ke kallon tamu tana durƙushe a tsakiyar takalman. Ta ware na yara gefe guda, tana haɗa kowane da ɗan'uwansa, tana ƙulle igiyoyinsu wuri ɗaya, bakinta yana motsi. Ba ta ko ɗago ta dube mu ba. Hannunta yana aiki da sauri kamar na mai tsinar shinkafa, idonta kuwa ba a barandar yake ba.

To, ku faɗa mini abin da Bahaushiya za ta ɗauka idan ta ga baƙuwa tana ƙulli a takalman yara ranar suna, tana magana ƙasa-ƙasa. Hajiya ta ce, "Wallahi sammu ne! Ai an ce Bayahudiya ce. Ku kawo almakashi." Aka yanke igiyoyin kaf, aka tofe takalman da addu'a, yara suka koma gida suna jan ƙafa. Likitoci da injiniyoyi ne fa mazajen da ke wurin, amma babu wanda ya ce a tsaya a tambaye ta.

Bayan na yi arba'in na ɗauki kwanon waina na ƙwanƙwasa mata ƙofa, don ni ba na iya zama da abu a ciki. Na tambaye ta kai tsaye. Ta karɓi kwanon, sannan ta ce ba ta tuna lokacin da ta durƙusa ba. Ta fito za ta duba akwatin wasiƙu, ta ga tarin takalma babu masu su, shi ke nan abin da ta sani.

A ranar ta ba ni labarin. Tana budurwa aka kwashe su a jirgin ƙasa zuwa sansanin da 'yan Nazi suke hallaka Yahudawa. A bakin jirgin aka raba su, ita gefe guda, mahaifiyarta da ƙaninta ɗaya gefen. Aka sa ta aikin ware kayan waɗanda aka kashe. Kafin a shigar da mutane ɗakin da ake kashe su da iskar guba, ana ce musu wanka za su yi, kowa ya ƙulle takalmansa wuri ɗaya don kada su ɓace masa in ya fito. Wata safiya hannunta ya faɗa kan wasu ƙananan takalma masu wani irin ƙulli ninki biyu, wanda ita ta koya wa yaron a gida domin igiyarsa tana yawan kwancewa. Mai gadi yana tsaye a kanta. Ta jefa su cikin tarin, ta ɗauki na gaba.

Na ce mata, "Inna, me kike faɗa a ranar da bakinki yake motsi?"

Ta ce, "Sunansa. Kullum sai na faɗa."

Na gaya mata mu a wurinmu wanda ka fi ƙauna shi ne ba ka kiran sunansa. Ni har yau ban taɓa kiran sunan mijina ba, kuma mahaifiyata ta rasu ba ta kira na yayanmu ba. Ta yi murmushi ta ce al'adar tana da kyau ga mutanen da ke da masu tuna su. Ta ce waɗanda suka kashe ƙaninta ma ba su kira sunansa ba.

Sau ɗaya ta kai ni gidan tarihin da aka gina a Washington don tunawa da wannan kisan kiyashi, inda takan je ta yi wa ɗalibai magana. Akwai wani wuri da aka tara takalman mutanen da aka kashe, ita ba ta bi ta nan, sai ta zagaya ta jira ni a gaba. Warin tsohuwar fata ne ya fara tarbata. Na ga takalmin amarya, na ga na mai aikin ƙarfi, na ga na yaron da bai daɗe da fara tafiya ba, duk sun koma launi ɗaya. Sai na tsinci kaina ina sunkuyawa zan cire nawa, don jikina ya ba ni cewa masu su suna ciki. Babu kowa a ciki.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga zamanin nan. Da ta ga saƙonnin da ake turo mana a waya daga gida, inda ake kiran wata ƙabila ko wani addini da sunan ƙwari da dabbobi, mu kuma mu tura gaba daga cikin ofisoshinmu masu sanyi. Takan ce su ma da baki aka fara musu, shekaru kafin a kawo jirgi. Da ta ji yadda har yanzu in mutum ya cika mugunta ko rowa muke cewa Bayahude ne, a gaban yaran da ke zama aji ɗaya da jikokin irinta. Na taɓa jin wani mai digiri a wurin walima yana cewa labarin kisan Yahudawan ma ƙari aka yi masa. Na ajiye cokali na tambaye shi ko ya taɓa shiga gidan tarihin, tunda kullum ta gabansa yake wucewa zuwa aiki. Ya ce bai samu lokaci ba.

Bayan rasuwarta da 'yan shekaru aka turo mini hoto daga gida, ƙofar wani masallaci bayan an kai hari. Babu gawa a hoton, babu jini. Takalma ne kawai a warwatse, silifa da sau-ciki, har da na yara, suna jiran mutanen da ba za su fito ba. Na zauna a motata a bakin asibitin da nake aiki, na yi kukan da ban yi ba ranar da ta ba ni labarinta.

Wasu ne a ɗakinta yanzu, sun sake fenti. Duk da haka wani lokacin da rana tsaka nakan ji kamar ƙarar sandarta a baranda. Wata safiya kuma na tarar da takalman makarantar Bilkisu a bakin ƙofa an ƙulle igiyoyinsu wuri ɗaya, ninki biyu. Ina jin yarinyar ce ta yi, don ta sha zama a wurin tsohuwar. Ban tambaye ta ba, kuma ban nemi almakashi ba.

Muryar Inna Hannatu ta fara gushe mini, fuskarta ma sai na duba hoto. A watan jiya ina tuƙi a babbar hanya na nemi sunan yaron a kaina na rasa, sai da na kusa gida ya dawo. A wannan ɗan tsakanin babu mai rai ko ɗaya a duniya da ya san an taɓa yin sa. Shi ya sa na kawo shi nan. Sunansa Yankel, da harshenmu Yakubu ke nan. Shekararsa shida, yana tsoron kare, yana son ɓawon burodi. Yanzu kun ji, ba ni kaɗai ke riƙe da shi ba.