An Yanka wa Tantabara Rago

Har yau in murfin tukunya ya faɗi a kicin sai na kai hannu na rufe idona na hagu. Wata bakwai ke nan, hannun bai daina ba.

Gidanmu a unguwar Ka'akiyya yake a Makka, hawa uku, mu ne a na ƙarshe. Saman gidan, wanda muke ce wa sutuhu, shi ne kaɗai wurin da nake tsayawa ba abaya iska ta taɓa mini wuya. Tun da na gama sakandare can nake shanya, can nake karatu bayan la'asar, can nake waya da ƙawayena. Maza suna da titi da mota da shagon shayi. Ni sutuhu nake da shi.

Sai Yayana ya sayo saktun. Bindigar iska ce, ana karya ta a tsakiya a cusa mata ɗan harsashin dalma kamar ƙwayar dawa. Ban san asalin sunan ba, amma kunnena kullum "sakit" yake ji, wato mai shiru. A waya ya ga Amurkawa suna gasar harbi cikin shigar kaboyi, ga malafa ga dogon takalmi, a danna agogo su yi ta dukan farantan ƙarfe da sauri. Shi ke nan ya kamu. Har malafa ya samo, namiji mai shekara ashirin da shida.

Sati na biyu ya harbo tantabara a kan tankin ruwa. Ya ce kuskure ne. Ban taɓa ganin Baba ya fusata haka ba. Tantabarar Harami ce, a Makka ko korarta mutane na tsoron yi, balle kisa. Baba ya je wurin limamin unguwa da kansa, ya dawo ya ce sai fansa. Aka yanka rago aka raba wa mabukata. Yaya ya rantse ba zai ƙara nuna bindiga ga abu mai rai ba. Ya kwashi tsofaffin murafan tukwanen Umma guda uku ya rataye a bango, dab da igiyar shanyata.

Ranar Juma'a Kawu ya zo daga Jidda. Ƙanin Umma ne, kuma shi yana zuwa wani kulob na harbi, inda ake tsayawa a layi a harbi takarda. Ya hau sama ya ga murafan.

"Kai, ƙarfe kake harbi a taku biyar?"

"Kawu, naku harbin na tsofaffi ne. Ku sandare kamar an dasa ku, ku riƙe numfashi, duk don ku huda takarda. Kafin ka gama saiti ni na kaɗa uku."

"Takardar da kake rainawa akwai akwati a bayanta mai kama harsashi. Ƙarfe mayarwa yake yi. Su ma kaboyin naka, koma ka duba, kowa da tabarau a ido, farantin a karkace yake yana kallon ƙasa, kuma ba wanda ke shanya a gefensu."

"Halas, ya isa haka Kawu, saktun ce fa. Ko kyanwa ba ta kashewa."

"Tantabara fa?"

Aka yi dariya. Ni ma na yi. Wannan dariyar tawa tana cikin abubuwan da ke ba ni haushi.

Ranar Talata bayan la'asar ina shanya Yaya ya hau da malafarsa. Na ce, "Yaya, bari in gama." Ya ce, "Ke dai tsaya inda kike, minti ɗaya." Ya juya wa bango baya, wayarsa ta yi ƙara, ya juyo ya harba daga kwankwaso ko saiti babu. Ƙarar bindigar ban ji ta ba. Na ji ƙwal a jikin murfi, sai wani zafi ƙarƙashin idona kamar an ɗiga mini mai daga kasko. Farar jallabiyar Baba ce a hannuna. Da ita na toshe wurin, ina kallo da ɗaya idon tana rinewa.

A mota Baba bai juyo ba ya ce, "In likita ya tambaya, ƙusa ce." Na gane. In an ce bindiga, 'yan sanda za su shigo, kuma iƙamar Yaya, takardarsa ta zaman ƙasar, ita ce za ta shiga matsala. Likita ya yi ɗinki uku, ya ce da ta ƙara faɗin yatsa ɗaya sama da ido ya tafi. Ya tambaye ni sau biyu. Sau biyu na ce ƙusa.

Da muka dawo Baba ya sa kwaɗo a ƙofar sutuhu, ya miƙa wa Yaya mukulli. Baba ya ce, "Me ma ya kai mace sama ana harbi?" Umma ta sunkuyar da kai. Bindigar tana nan bayan ƙofar ɗakin Yaya, ba wanda ya taɓa ta.

Kwana goma Yaya ya daure. A na sha ɗaya ina zaune a falo na ji ƙwal daga sama. Na tsinci kaina tsugune a bayan kujera, hannu a ido. Wanki kuwa a banɗaki nake shanya shi, yana warin danshi.

Juma'ar da ta biyo Kawu ya sake zuwa. Na kawo musu shinkafa. Ban taɓa tsoma baki gaban Baba ba, kuma ban shirya ba. Maganar ce ta fito.

"Baba, tantabara an yanka mata rago."

Ya ɗago.

"Ni kuma an sayo mini kwaɗo."

Yaya ya ce, "Ke, da Baba kike magana?" Ba wanda ya kula shi. Kawu ya dubi tabon ya dubi Umma, don ita ma ƙusa ta ce masa. Ya wanke hannu, ya shiga ɗakin Yaya, ya fito da saktun. Ya karya ta, ya leƙa ciki, akwai harsashi a ɗure. Ya zare shi ya ajiye a gefen farantin Baba. Ya naɗe bindigar a buhu ya sauka da ita mota, bai gama cin abincin ba.

Da safe na ga mukullin a kan firiji. Yaya har yanzu yana cewa na kunyata shi gaban Kawu. Haƙuri kuwa ba wanda ya ba ni.

Na hau. Murafan suna nan, duk sun lotsa. Na sauke su na zuba a shara, har da wanda Umma ta ce yana da sauran amfani. Ina shanya a can yanzu, amma fuskata na kallon ƙofa, kuma in tantabaru suka tashi lokaci ɗaya sai na durƙusa.