Ciwon Kafaɗar Inna Mai Guga

Inna mai guga a tsaye ta tsufa. Tun da ƙuruciyarta take aiki a shagon wanki na bakin titi, gaban dogon tebur da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, tururi na dukan fuskarta. Ba ta da yawan magana. In ka yaba aikinta, sai ta ce, "Ɗauke rigarka kafin ta yamutse."

'Ya ɗaya Allah ya ba ta, ya kuma karɓi abarsa. Mijin 'yar, wani makaniki, bai ɗauke ƙafa ba. Yakan zo ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta, ya gyara famfo ko ƙyauren da ya saki, ya tafi. Ba ta taɓa kama sunansa ba, baban yara take ce masa.

Hawan jini ne ya haɗa ta da asibiti. Da can da ƙafarta take zuwa, wata nas mai faɗan tsiya ta ja labule, ta ɗaura mata abin awo, ta latsa nan ta latsa can tana mita. Sai aka sauya tsari: masu tsohon ciwo su zauna gida, likita zai kira su ta bidiyo. Wayar Inna ƙarama ce mai maɓallai. Ta surukinta ce ke nuna hoto.

Ranar kira sai ya bar mota a warwatse a gareji, ya wanke hannu ya taho. A ɗakin baya na shagon suke yi, jikin taga, don nan kawai waya ke kamawa. Ya miƙa hannu ya saita mata, ya kau da kai yana kallon bango.

Mai wanki, abokiyar aikinta, ba ta barin ta. "Inna, a gyara ɗankwali, yau ma za a fito a talabijin!"

"Ke dai ji da kumfarki."

Likitan yana da kirki, sai dai kullum a gaggauce yake.

"Mama, yaya jiki?"

"Da sauƙi."

"Akwai wani abin da ke damun ki?"

Akwai. Ƙullutu ne a nononta na hagu, tauri kamar tsakuwa, wajen wanka ta ji shi. Ta buɗe baki, sai idonta ya sauka kan hannun da ke riƙe da wayar, da baƙin mai a ƙarƙashin farce. Wannan kalma ba za ta fito daga bakinta a gaban mijin 'yarta ba.

"Kafaɗa ce ke ɗan taɓa ni."

"Gugar ce, Mama. A rage aiki."

Ya ce a sayi man shafawa. Kafin yamma baban yara ya kawo.

Ba zama ta yi ba. Ta taɓa karɓar wayar da niyyar shigewa da ita lungu, yatsanta ya taɓa wani wuri, likita ya ɓace. Daga ranar surukin ya ce, "Bari in riƙa riƙe miki, Inna, kar ki wahala." Ta kuma je asibitin ita kaɗai. Mai ba da kati ya leƙa kwamfuta ya ce, "Mama, ai ke 'yar waya ce. Sai in likita ya ce ki zo." Ta juyo.

Watanni suka shige. Kira ya zo, kira ya wuce, kafaɗa dai kafaɗa. Hannun ya kumbura, dutsen guga ya fara yi mata nauyi. Wata rana bayan an tashi aiki ta kasa cire rigar aiki, mai wanki ta kama mata. Tana janye rigar ta saki salati.

"Inna! Tun yaushe?"

"Rufa min asiri."

"Asirin me? Kashe kanki za ki yi?"

Mai wanki ba ta jira ranar kira ba. Ta aika aka kira makaniki, ta ce ya nemo likitan. Likita na bayyana ta fizge wayar. "Kai kuma waje, ka ja mana ƙofa."

Likitan ya duba. "A kawo ta yau. Yanzu."

A asibiti suka yi hoto, suka ɗebi jini, suka ce ciwon ya riga ya bazu. Sai dai a rage mata raɗaɗi.

Baban yara ya durƙusa gefen gado, kansa a ƙasa.

"Inna, da kin ce in fita."

"Ka baro aikinka ka zo domina, in ce ka fita? Da wane bakin?"

Kullum yana nan, ya kawo ruwan zafi, ya karɓo magani, ya gyara mata matashi. Amma da ya hango likita ya doso gadon, sai ya miƙe tun ba a ce masa ba, ya fita baranda ya tsaya har a gama. Haka ya yi ta yi, har ranar da nas ta fito ta kira shi a hankali, ta ce masa rai ya yi halinsa.