Hannuwan Yaya Mamman a Hanyar Tibiri

Na daɗe ina juya wannan labari a raina kafin in ɗauki biro. Karatuna bai wuce firamare ba, ga shi maganar asibiti ce, ina tsoron in rubuta kuskure wani ya bi. Amma ina da tambaya, kuma ba za ta fito ba sai da labarin.

Yayana Mamman ya daɗe yana fama da ciwon hanta. Hantar ta ƙeƙashe, jini ya kasa ratsa ta, har ya kai shi ga aman jini, ciki kuma ya cika da ruwa. Ɗansa Isuhu ya kai shi ƙasar waje, likitoci suka zura ɗan bututu ta jijiyar wuya har cikin hanta, jini ya sami hanya. Ni aka ce in tarbo shi a Dogon Dutsi in kawo shi gida Tibiri.

Dogon Dutsi

Ina idar da sallar asuba na shiga motar farko. Ban karya ba, don kada in tsaya sayen ƙosai motar Yamai ta iso ba na nan. Sai wajen hantsi ta iso. Na zaci ɗauko shi za a yi, sai ga shi ya sauko da ƙafarsa, ciki ya saɓe, yana dariya har da tafa mini kafaɗa.

Isuhu zai juya Yamai bakin aiki, sai ya ja ni gefe. Ya ce jinin da ke bi ta bututun ba ya tacuwa sosai, dattinsa na iya hawa kai, mutum ya ruɗe, ya kama surutu ko barci. Ya ba ni kwalbar siro mai sa zawayi, ya ce kada a tsallake. Sannan ya ce in na yi shakka in sa Yaya ya miƙe hannuwa, tafi a ɗage kamar mai tsai da mota. In suna fizga, asibiti nan take.

To, Yaya bai rufe baki ba tun saukarsa. Nan bakin tasha na ce ya miƙe hannuwa. Masu baburan kabu-kabu uku suka ci birki a gabanmu suna tambayar ina za mu.

Kore Mairuwa

A motar komawa muka zauna kusa da wani dattijon Bafulatani. Yaya ya dube shi ya ce ashe bawansa ya zo tarbarsa, ina ƙwaryar nonon? Na ce a raina ko ruɗewar ce ta fara. Na san akwai wasa tsakaninmu Arawa da Fulani, amma Yaya da ya shekara ko gaisuwa da ƙyar yake yi! Dattijon ya ji labarin bututu, ya ce, "Ba'are, ashe famfo aka maida kai. Bari in koro shanuna su sha."

Mota ta ɗauki dariya, ni ina duban idon Yaya. A shingen jandarma na sake sa shi miƙe hannuwa. Jandarman ya leƙo ya ce, "Baba, sauke, ba mu kama ka ba." A Kore Mairuwa Yaya ya nemi tsire, na saya masa dafaffen dankali saboda an hana shi gishiri. Ya ce ko likitocin sun fi ni tausayi.

Hanyar Tibiri

Da muka bar babbar hanya Yaya ya kama waƙar noma ta zamanin samartakarsa. Na ce ya miƙe hannuwa. Wannan karon hannuwan suna karkarwa, na gani da idona. Na ce wa direba ya juya Dogon Dutsi, yayana ya ruɗe.

Direba ya dube mu ta madubi, ya ce kowa ya miƙe nasa. Dattijo ya miƙe, matan baya suka miƙe, duk suna karkarwa, mota na tsalle cikin ramuka. Ya taka birki ya kashe injin. Hannuwan Yaya suka tsaya cak kamar an dasa su. Na kowa ya tsaya. Nawa kaɗai ke rawa.

"Direba, juya," in ji Yaya. "Ƙanena za mu kai asibiti."

Na tambaye shi sunan matarsa da ranar da muke, ya faɗa daidai, ya ƙara da sunan yarinyar da ta ƙi ni muna samari. Daga nan siro ya fara aikinsa, muka tsaya sau biyu gefen gonakin hatsi. Ba wanda ya yi ƙorafi, dattijon ma shi ya ara masa buta.

Mun shiga Tibiri bayan azahar, gida ya cika da guɗa. Na gode wa Allah, na gode wa direban nan da dattijon da ban ko tambayi sunansa ba.

Ga tambayata. An ce a riƙa yin eko, wato hoton ciki, ana duba ko bututun bai toshe ba: akwai inda ake yi kusa da mu, ko sai Yamai? Sannan wanda ke da ɗan'uwa mai irin wannan bututu, don Allah ya gaya mini yadda yake raba murna da ruɗewa. Yaya har yau dariya yake, da ya hango ni kuma sai ya ɗaga hannuwa tun ban yi sallama ba.