Saurin Hannun Gwaggo

Gwaggona, ƙanwar babanmu, nas ce tun kafin a haife ni, a ɗakin maza take aiki. Da can daga bakin ƙofa take gane mai zazzaɓi, ta yadda ya ƙanƙame bargo. Da aka kawo kwamfuta sai aka kai teburinta inda soket yake, tana fuskantar bango. Tun daga nan marasa lafiya suka fi sanin ƙeyarta.

Kwamfutar matsoraciya ce. Ko farasitamol aka rubuta sai ta buɗe jan akwatin gargaɗi a fuskarta ta yi ƙara. A kula da hanta, a kula da shekaru, a kula ko mai ciki ce, a ɗakin da kusan kowa da gemunsa. Gwaggo ta koyi rufe akwatin kafin ya gama buɗewa. Har takardar yabo asibiti ya ba ta saboda sauri.

Da na gama jami'a aka ɗauke ni a wani bincike kan yadda ma'aikata ke amfani da na'urar. Aikina in zauna bayanta in ƙirga dannawarta, ban da magana.

"Ɗan nan, duk karatun naka a yatsana ya ƙare?" in ji ta.

Wata rana aka kwantar da wani tsohon tela da jikinsa ba ya karɓar penisilin. Likita ya rubuta masa allurar penisilin ɗin. Akwatin ya fito, ja irin na kullum, ƙara irin ta kullum. Gwaggo ta rufe, ni kuma na ja layi a takardata. Bayan allurar leɓen tsohon ya kumbura, numfashinsa ya koma fito. Gwaggo ce ta fara isa gadon, ita ta soka masa allurar da ta dawo da shi. Ni ina tsaye riƙe da biro.

A gaban kwamitin da ya binciki lamarin likitan ya tambaye ta ko ta karanta gargaɗin.

"Ranka ya daɗe, ai ta wurinka ya fara biyowa. Me ya ce?"

Ya gyara gilashinsa. Na tashi na bayyana cewa yawancin gargaɗin ba su da amfani, shi ya sa ba mai karantawa. Suka yaba mini sosai. Sannan suka yanke cewa daga yanzu duk wanda ya rufe akwati, wani akwatin zai buɗe ya tambaye shi ko ya tabbata.

Ba a kori Gwaggo ba. An dai ɗauke ta daga ɗakin marasa lafiya aka mai da ita mai koya wa sababbin nas kwamfuta, tunda ba wanda ya kai ta iyawa.

Jiya na leƙa ta. Ɗaki ne mai sanyi, ba gado ko ɗaya.

"Nan ko na danna ba wanda zai kumbura," ta ce. Sannan ta rage murya. "In ka bi ta ɗakin maza, duba min mutumin gadon bakin taga. Ba ya faɗa in an manta a juya shi."