Ɗiban Wuta a Gidan Ɗan Kokowa

A ƙauyenmu na ƙasar Illela, mace ba sai ta leƙa darni ba kafin ta san halin da maƙwabciyarta take ciki. Taɓarya ce ke ba da labari. Kowace mace da hannunta: akwai mai daka kamar ana korar ta, akwai wadda in suka yi faɗa da maigida turmi ne ke shan dukan. An kawo ni garin ina amarya a shekarun da aka fara aikin siminti a Malbaza, kunnena kuwa ya riga ƙafata sanin unguwa. Mijina yana can Malbaza yana ɗaukar buhu, sai jefi-jefi muke ganinsa. Gidan daga ni sai uwarsa, wadda nake kira Inna. Allah ya yi ni da son jin ƙwaƙwaf, ban kuma taɓa neman magani ba.

Dakan da na fi so a duk unguwar na maƙwabciyarmu ne, wadda darni ɗaya ya raba mu. Yaya nake ce mata. Takan jefa taɓarya sama, ta tafa, ta cafe, ba ta taɓa kuskure ba. Mutuniyar wajen Tsarnawa ce, ba ta da dangi a garinmu, ta daɗe da aure kuma babu ɗa a gidan. Mijinta tsohon ɗan kokowa ne, ƙato, wuyansa kamar gindin turmi. Ba ya dariya a waje. In ya yi gyaran murya a bakin masallaci, yaran da ke wasa watsewa suke yi.

Wata safiya da rani sai dakan gidan ya sake. Dum! Shiru. Dum! Shiru. Babu tafi, babu daɗi, kamar ana kafa turke. Na ajiye tsintsiya na ce, “Inna, wanga ba hannun Yaya na ba.”

“Ke kula da sharakki,” in ji ta. Amma na ga ita ma ta karkata kunne.

Daga nan abubuwa suka yi ta taruwa. Yaya ta daina zuwa rijiya. Mijin ya ƙara wa darninsa tsawo da sababbin kara, ya rataya zana a ƙofa. Shi yake kora jaki ya ɗebo ruwa, wai na tumaki ne, alhali tumakin nasa ba su isa shanye tulu guda ba. Matan da suka je sallama, daga zaure yake tare su da cewa tana barci. Kullum sai mun ji ƙaurin tuwo. Rannan kuma muka ji wani irin ƙara, sannan muryar mace ta ce “Wayyo!” sai tsit. Ranar kasuwar Illela aka gan shi ya ɗoro sabon turmi a jaki, yana harare-harare.

Ruwa ba ya tsami banza. A bakin rijiya an gama yanke hukunci: ya karya ta ne ya kulle. Wata ta rantse ya kawo wata mata daga Najeriya ya ɓoye, ita ce mai wannan mummunan daka. Ni dai dariya nake yi a rijiya, amma in na dawo gida sai in tsaya jikin darni ina saurare. Ina son matar nan. Ita ce ta koya mini damun fura irin na garin, lokacin da nake ɓuya ina kukan gida.

Inna ce ta fara gajiya. Ta ce in kasuwa ta sake ci ba ta ga Yaya da idonta ba, za ta kai wa mai gari magana. To, a zamanin nan magana in ta shiga zauren mai gari, tana iya ƙarewa a hannun jandarma, wato ’yan sandan ƙasarmu, kuma wanda suka ɗaure da igiya suka bi da shi ta tsakiyar gari, ko an sake shi gobe, igiyar tana wuyansa har ya mutu. Na ce, “Inna, in kuma ba shi yi komi ba hwa?”

“In kuma ya yi?” ta ce. “Mu zamna muna jin daka har a hiddo gawa?”

Duka biyun gaskiya ne. Tsakanin miji da mata sai Allah, haka aka raine mu. Amma wanda ya raine mu a kan haka shi ne ya ce haƙƙin maƙwabci yana wuyanmu. Na yi kwanaki ina juya abin kamar waina. Leƙen darni aikin ɓarawo ne, kai ƙara ba tare da gani ba kuma aikin munafuki ne, ni kuwa ba na son ko ɗaya.

Ashana ce ta fitar da ni, wato rashinta. A lokacin ba kowane gida ke da ita ba, in wutarki ta mutu sai ki ɗauki tsingaro ki shiga maƙwabta. Mai ɗiban wuta ba a hana ta shiga, ba a kuma tambayar ta dalili. Da hantsi, ina jin dum ɗin nan ya fara, na ɗebi ruwa a ƙwarya na sheƙa wa murhunmu. Inna ta yi salati. Na ce, “Ba ni son in yi ƙarya na, Inna. Ga shi, wutarmu ta mutu.”

Na yi sallama da ƙarfi a bakin zanar, na ce, “Na zaka ɗiban wuta!” Ban jira a amsa ba, don mai ɗiban wuta ba ta jira.

Abin da na tarar, har yau in na tuna sai na riƙe ciki. Ga gwarzon da ya kayar da mazaje daga nan har Ƙonni, ya ɗaure riga a ƙugu, gari ya yi masa fari fat har gira, yana riƙe da taɓarya kamar wanda aka kama da akuyar sata. Kaji sun kewaye shi suna biki, don rabin geron yana ƙasa. Tsohon turmi yana gefe, ya tsage biyu. Ashe shi ne ƙaran da muka ji, “wayyo” ɗin kuma na turmin aurenta ne.

Yaya tana kishingiɗe a tabarma a inuwar rumfa, ta yi ƙiba, ta yi haske. Ta kai hannu za ta ja zane, amma ta makara. Na ga cikin.

Muka yi cirko-cirko. Ni ce na fara magana, kuma abin da ya fito daga bakina shi ne, “Baba, surhe ba ƙarhi shika so ba. Ka yayyahwa mishi ruwa?”

Yaya ta fashe da dariya har da hawaye. Ta jawo ni ta zaunar, ko da yake mai ɗiban wuta ba ta zama. Ta ce ciki ya sha zuwa mata yana zubewa, kuma kowane karo sai bayan gari ya ji, an yi ta yi mata barka. Wannan karon likita a Illela ya ce kada ta daka, kada ta ja guga, ta kwanta. Ita kuma ta sa mijin ya rantse ba kunnen da zai ji, don ta gaji da barkar da ke komawa jaje.

Na dubi mijin na ce, “Baba, ka san abin da aka hwaɗi bisa kanka rijiya?”

“Na sani, amarya,” ya ce, yana kallon tafin hannunsa da ya yi bororo. “Su ce mugu na ni. Shi dai cikin ga shi zamna.”

Kunya da tausayi suka rufe ni lokaci guda. Na ɗebi garwashina na fito.

Inna tana tsaye a tsakar gida, ta riga ta yafa mayafi. “To?”

“Lahiya lau take. Na gan ta, mun yi dariya. Ba a kai kowa wurin mai gari.”

“Mi ya hana ta hita?”

Na durƙusa ina hura wuta, na ce, “Inna, ba ke kika ce min ba don tuwo ɗai anka yi ciki ba?”

Ta ƙura mini ido. Tsohuwar nan ba a yi mata magana sau biyu. Ta cire mayafin ta ninke. Can ta ce, “Mijin na ka daka?” Na sunkuyar da kai. Ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta suna rawa. Da ta samu numfashi sai ta ce, “Gobe ki tahi taya daka. Ki tahi da taɓaryarki, kar shi kashe musu sabon turmi.”

Haka aka yi. Ni nake daka a gidan Yaya, Inna kuma ta ɗauki aikin rijiya. Duk wadda ta taso da zancen, sai ta ce, “Na aika an gano ta, ƙahwa ka yi mata ciwo. Wadda ba ta yarda ba ta tambaye ni.” Ba wadda ta tambaya. Ni da ba a ajiyar magana a wurina, na riƙe wannan har damina ta wuce, kuma ko mijina bai ji ba.

Da kaka aka haifi ’ya mace. Ranar suna matan rijiya suka ci tuwo suka ci kunya, uban kuwa ranar muka fara ganin haƙoransa a waje.

Bayan Yaya ta gama wankan jego, wata safiya muna sussuka ni da Inna, sai daka ya taso daga bayan darni. Inna ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Hannun Yaya ne, ko a mafarki na san shi. Na jira tafin nan nata, bai zo ba. A daidai wurinsa sai ɗan shiru, sannan taɓarya ta ci gaba.

“Ta mance tahi,” na ce.

“Ba ta mance ba,” in ji Inna, tana goge ido. “Bayanta hannun shika zuwa. Goyo taka lallashi.”